Juyi Biyu Bayan Fitila Ta Yi Kore

Ka taɓa jin noti ya faɗo a kan rufin kwano alhali babu kowa a sama?

Haka abin ya fara a gidan Mai Sifana, dab da magariba, Mama, matarsa, tana kwashe shanya. Kwas! Ta ɗaga kai. Kwas, kwas! Abin da ya gangaro gabanta noti ne baƙi ƙirin, jiƙe da man inji, da ɗuminsa.

Mai Sifana ya shekara ashirin da bakwai yana tayar da babban injin matsa iskar gas a tashar bayan gari. Injin mai fistin ne, ba a tayar da shi da kaya a ka. Sai an buɗe bawul ɗin kewaye, gas ɗin da ya matsa ya zagayo ya koma masa, ya yi ta juyi sakayau har mai ya ratsa shi, sannan a rufe a hankali. In aka tayar da shi bawul a rufe, ƙarfe zai tsage, na kusa kuwa ba zai ba da labari ba.

Bana aka sabunta tashar, aka sa allo da maɓallai, aka kuma ɗauki 'yarsa ta fari, wadda ta gama karatun injiniya, aka ɗora ta a kan uban nata. Jibi za ta tayar da injin a gaban manya.

"Ranki ya daɗe, Injiniya," yake ce mata in ta miƙo masa ruwa. Mama takan yi dariya. Shi ba ya yi.

Washegari da yamma notunan suka dawo. Da suka tsagaita, sai wani huci ya taso daga jikin bango, huf-huf, huf-huf, a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Injiniya tana kan tabarma cikin zane-zanen aikinta. Alƙalami ya suɓuce mata. Numfashinta ya koma daidai da hucin nan, hannunta na dama yana juyi a iska kamar mai murɗa wani abu. Mama ta kira ta sau uku, shiru.

Aka ɗauko Malam daga layin baya. Ya zauna ya daɗe yana karatu, haske yana janyewa daga tsakar gida, har ya zama ba a ganin komai sosai sai farin idon yarinyar.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ke dai za ka ce." Muryar tsohuwa ce, siririya, kamar iska ta ƙaramar kafa. "A bututun kewaye nake zaune tun ba a haifi wannan ba. Duk tayarwa mutumin nan zai zo ya ƙwanƙwasa da sifana sau uku, ya yi sallama, ya kara kunne a ƙarfe ya saurare ni. Yanzu yana can nesa, hannu a aljihu. Kowa Injiniya, Injiniya. Ni an mai da ni tsatsa."

"Kishi ne ya kawo ki ke nan."

"Ƙwarai. Ni na faɗi nawa. Tambayi na bayanka."

Babu kowa a bayan Malam sai Mai Sifana.

"Tsohon bawul aka liƙa wa sabuwar fitila," muryar ta ci gaba. "Takan yi kore ta ce ya buɗe, alhali ya cije. Sai an ƙara masa juyi biyu da hannu. Mutum ɗaya ne ya lura ranar gwaji. Sau uku yarinyar nan tana tambayarsa ko akwai abin da ba ya cikin takarda."

Mama ta juyo. "Baban yara, me ka ce mata?"

"Na ce ai ita ce mai digiri." Ya share hawaye. "So nake injin ya ƙi tashi, a ce a kira tsoho. Wallahi iyakar nufina ke nan."

"Ba zai ƙi ba," in ji muryar. "Tashi zai yi, bawul a rufe."

Mama ta yi salati.

"Fita daga jikinta," in ji Malam.

"A cire ta daga wurin, a dawo min da shi."

"Ba za a yi ba."

Hucin ya yi ƙarfi, kwano ya girgiza. Malam bai ɗaga murya ba, karatunsa kawai ya ci gaba, har hucin ya lafa.

"To ta ƙwanƙwasa. Ta kara kunne."

"Za ta kara don ta ji wucewar gas, ba don ke ba."

"Ku kira shi yadda kuka ga dama."

Injiniya ta yi atishawa sau ɗaya, hannunta ya faɗi. Ta dubi fuskokin da ke kanta. "Lafiya? Baba, kuka kake?"

Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar sifanarsa, wadda bai taɓa bari wani ya taɓa ba, ya sa mata a tafin hannu. "Ɗauko takardunki, 'yata. Akwai abin da ba ya ciki."

Da safe fitila ta yi kore, manya suna duba agogo. Injiniya ta janye yatsa daga maɓalli, ta sauka, ta ƙwanƙwasa sau uku, ta kama bawul ta murɗa. Juyi ɗaya. Juyi biyu. Ƙarfe ya saki da ƙara, ƙut. Sannan ta koma ta danna, ta dawo ta kara kunne, ta ji gas yana zagayawa.

Kai ma in akwai juyi biyun da ka sani a wurin aikinka, wanda na bayanka bai sani ba, tashi ka je ka faɗa masa yau, tun bai kai hannu kan maɓalli ba.