Hannayensa Suna Nan, Shi Yana Can

"Likita! Likita, kana ji na?"

Shiru.

Hannayen injin guda huɗu suka tsaya cak a cikin cikin Baba. Hoton da ke allon bango ya daskare. Ɗan abin sauraron da ke maƙale a kunnena ya koma sai shuuu...

"Layi ya yanke," in ji likitan sa barci daga wajen kan Baba, ko a jikinsa. "Ai dama na faɗa miki. Abin da ake samu ke nan in aka dogara da wanda ba ya nan."

Ban ko kalle shi ba. Na miƙa hannu na danna maɓallin layi na biyu. Mahaifina ne a kwance, kuma mutumin da ke riƙe da wuƙar yana can inda sai an yi kwana biyu a mota kafin a kai.

Asibitinmu ƙarami ne, ba mu da likitan tiyata ko ɗaya. Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana injin, masu shara suka raɗa masa Gizo-gizo. Likitan da ke sarrafa shi yana zaune a wani babban asibiti. Ya motsa yatsunsa a can, hannayen inji su motsa a nan. Ni ce nas ɗin da aka horar in tsaya gefen mara lafiya, in canja kayan aiki, in goge jini, in yi duk abin da injin ba zai iya ba. Shi ya sa Likita ya laƙaba min "Hannuna".

Ɗakina a gidajen ma'aikata yake. Gado ɗaya, kujera ɗaya, kofi ɗaya. Su Umma suna nesa, sai ƙarshen wata nake leƙa su. In na dawo daga aiki, ƙarar fanka kaɗai ke tarbata.

Wata rana bayan an gama aiki ina wanke kayan tiyata, sai na ji shi a kunnena.

"Hannuna, kin ci abinci kuwa?"

Na tsaya da soso a hannu. Na manta rabon da wani ya yi min wannan tambayar.

"Ban ci ba, Likita."

"Ni ma haka. To mu ci tare mana, kowa a garinsu."

Daga nan aka fara. Hira bayan aiki, sannan waya, sannan kiran bidiyo, inda nake ganin fuskarsa zuwa kafaɗa. Ranar da ya ce yana son aurena, sai da na zauna a ƙasa.

Likitan sa barci kuwa ya daɗe yana bibiyata, ina ba shi haƙuri. Aka tura shi kwas na mako guda a asibitin su Likita. Da ya dawo bai zo wurina ba, kai tsaye gidanmu ya wuce da hoto a wayarsa.

Baba ya kira ni gida.

"Kin san mutumin nan gurgu ne?"

"Wane mutum, Baba?"

Ya miƙo min hoton. Likita ne, fuskar da na sani, zaune a keken guragu a bakin wata ƙofa.

"Ban haife ki don ki ƙare rayuwarki kina tura keke ba," in ji Baba. "Kuma wanda ya ɓoye miki wannan, me kuma ya ɓoye? Maganar nan ta mutu!"

Umma ta sunkuyar da kai.

Na fita waje na kira Likita.

"Gaskiya ne?"



"Hatsarin mota ne, shekara biyar ke nan. Da a tsaye nake tiyata kamar kowa. Injin nan ne ya dawo min da aikina. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki... kullum sai tsoro ya hana ni."

"Ba ƙafafunka ne suka ƙona min rai ba, Likita. A bakin wani na ji! A gaban Baba!"

"Na sani, masoyiyata. Ba ni da abin cewa."

Wata uku muka yi ba abin da ke haɗa mu sai aiki. "Almakashi." "Ga shi." "Goge nan." "Na goge." Da an ɗinke mara lafiya sai in cire abin kunnena da sauri, don kada in ji numfashinsa in karaya.

Sai ga Baba da ciwon ciki. Aka gano ƙari a hanjinsa ya toshe hanya, kuma aka ce ba zai jure doguwar tafiya ba. Likita ɗaya ne zai iya aikin, nas ɗaya ce ta san injin. Haka na tsinci kaina da safiyar nan a gefen mahaifina, kunnena ba kowa.

"Minti biyu doka ta ce," in ji likitan sa barci. "In bai dawo ba, ki zare injin."

Daƙiƙa talatin. Arba'in. Ina ta salati a zuci.

Allon ya motsa.

"Hannuna, ina nan." Muryarsa a natse, kamar ba abin da ya faru. "Ina ganin komai. Ba jini. Ja numfashi. Kin ja?"

"Na ja..."

"Yauwa. Ɗaga min nan kaɗan. Babanmu zai tashi, da yardar Allah."

Awa uku muka ƙara. Da ya ɗaure zaren ƙarshe, hawaye sun jiƙa min takunkumin fuska sharkaf.

Kwana shida bayan haka Umma ta ja ni gefe a ɗakin jinya, fuskarta a washe.

"Babanki ya ce ki gaya wa mutumin ya turo magabatansa."

Da gudu na fita na kira shi. Na zaci zai yi ihu don murna.

"A'a," ya ce a hankali.

"Likita... me ka ce?"

"Aikin da na yi masa, shi nake yi wa kowa. Idan ya ba ni ke yau don na taimake shi, gobe in ya warke zai dubi keken nan ya yi da-na-sani. Ba na so ki zauna tsakanin godiyarsa da ƙyamarsa. Ki yafe min."

Ya nemi a mayar da shi kula da wasu asibitoci. Ranar Litinin na saka abin kunnena, sai na ji muryar mace.

"Ina kwana, Sista. Ni ce sabuwar likita."

Mutuniyar kirki ce, ta iya aiki. Amma da an gama sai ta ce "Sannu da aiki", layi ya mutu. Sai in tsaya ni kaɗai da Gizo-gizo, in goge hannayensa ɗaya bayan ɗaya in rufe shi da leda.

Likitan sa barci ya tare ni a baranda.

"To, yanzu da fili ya share..."

"Ko maza sun ƙare a duniya, Malam," na ce, na wuce.

Wata huɗu. Na rame har rigar aikina ta koma kamar ta aro. In na je gida Baba yakan bi ni da kallo, ya buɗe baki, ya fasa. Ran nan da safe sai gani na yi ya shigo harabar asibiti da ƙaramar jaka.

"Je ki nemi hutu. Tafiya za ki raka ni."

Kwana biyu muna hanya, bai faɗi inda za mu ba, ni ma ban tambaya ba.

A hawa na uku na wani babban asibiti aka nuna mana ɗakin Likita. Ta gilashi na hango shi, ya cusa fuska a cikin na'ura, yatsunsa suna motsi a hankali, yana yi wa wani aiki a wani gari. Muka jira awa guda a kan benci.

Da ya gama ya juyo da kekensa zuwa ƙofa. Ya gan ni. Hannunsa ya tsaya a kan tayar.

Baba ya riga ni shiga. Ya dubi kujerun ɗakin, ya bar su, ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa daram a gaban keken.

"Subhanallahi! Baba, don Allah tashi!"

"Ba zan tashi ba. Godiyar aiki na riga na aiko maka, ba ita ta kawo ni ba. Na warke sarai, da ƙafata na zo, na kuma ga keken da idona. Maganar da na faɗa a kanka ita ce ta hana ni sukuni. Ka yafe min. Yarinyar nan kuma ta ƙi ci ta ƙi sha. Kana sonta ko in koma da abata?"

Likita ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun ciko.

"Ina sonta, Baba. Wallahi ina sonta."

"To alhamdulillahi." Baba ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta ƙi. Ya miƙa masa hannu. "Kama ni, ɗana, tsufa ya zo."

Likita ya danne birkin kekensa, ya kama hannun Baba da ƙarfi, ya ɗaga shi tsaye.