Allurar da Aka Hana

Wayyo baiwar Allah mai ɗinki! Kwana biyu kacal da haihuwarta, idanun jaririn suka juye ruwan ɗorawa, sak yadda na yayyensa biyu suka yi kafin ƙasa ta rufe su. 'Yar farinta kaɗai ta rayu. Shekara shida tana haɗiye magana a gidan miji, ta durƙusa ta gai da masu kiranta mai mugun nono, ta koma kan keke hawaye na ɗiga a yadin mutane. Ban taɓa ganin haƙuri irin nata ba.

Sai ga yayar mijin ta faɗo ɗakin masu jego na asibiti, ko sallama babu.

"Miƙo shi nan! Nononki ya kashe mana biyu, ba za ki ƙara ba. Gida zan kai shi."

Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ta ba, yau ta rungume gadon jaririn da hannu biyu.

"Yaya, ki zage ni, ki dake ni... amma wallahi ba ya fita sai likita ta gan shi!"

Likitar ta zo, aka ɗebi jini, aka lalubo tsohon fayil. Ta dubi mijin da ya rakuɓe a bakin ƙofa.

"Malam, nono ba ruwansa. Rukunin jininta ne ya saɓa da na jariran, jikinta ke yaƙar jininsu tun suna ciki. Akwai allurar da ake yi bayan haihuwar fari, da ta kare su. An rubuta mata, wata ta sa hannu ta fitar da ita ba a yi ba. Wace ce?"



"Ni... na ɗauka ta hana haihuwa ce," in ji yayar.

Mijin ya dafe bango yana kuka kamar yaro. Ya ce kada yayar tasa ta sake taka masa gida.

Ranar aka sauya wa jaririn jini. Bayan mako guda mai ɗinki ta fito da ɗanta a kafaɗa, idonsa fari tas. Yayar na tsugune a bakin asibiti tana roƙon gafara.

"Nawa na yafe, Yaya," ta ce a hankali. "Na yaran nan biyu kuwa, ba a hannuna yake ba."