Hannun Kawu Nomau

Ku matso nan. Hafsatu, rage fitilar. Mai tsoro ya tashi tun yanzu, don in na fara ba na tsayawa. Kun dame ni da tambayar me ya sa Kawu Nomau ba ya kwance ƙyallen da ke hannunsa na dama. To ku ji. Lokacin yana matashi ne, don haka Nomau kawai zan ce, Allah Ya sa bai ji ba.

Nomau mahauci ne ɗan mahauci. Matarsa Hansai na da cikin fari, sai ya tafi Ikko nema kafin ta sauka. Ya sauka Apapa wurin kawunsa Jatau mai tsire. Unguwa ce a bakin teku. Ga jirage kamar duwatsu, ga tireloli sun yi layi har ido ya gaji, ga jerin gidajen abinci, hayaƙin kifi da na gasasshen nama sun haɗu. Direbobi, 'yan dako, ma'aikatan jirgi, kowa nan yake sauka da yamma. Sai dai wurin da za ka aje ko faranti babu.

Bayan gidajen abincin akwai katangar siminti, bayanta ruwa. Ran nan da la'asar Nomau ya leƙa, sai ya ga ruwan ya ja baya. Fili fetal, yashi mai laushi, ba kowa. Shi kuwa mutumin tudu ne. A garinsu in kogi ya tafi, sai wata daminar.

"Kawu, ga fili can a banza."

"Ba a banza yake ba."

"Na wa ne?"

"Na masu shi. Ruwan nan numfashi yake yi, ya tafi ya dawo. Kada in ga ƙafarka can."

Nomau ya ce a ransa, tsoho dai na tsoron a raba masa kasuwa.

Washegari Jatau ya tafi Agege ta'aziyya. Nomau ya tsallake katanga da itacensa da namansa. Ya tara yashi, ya ɗaga tukuba kamar yadda ake yi a gida. Sauri yake kada a gan shi a hana. Ya ƙyasta ashana. Bai ce bismillah ba.

Wuta na kamawa ya ji wani ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Siriri. Kamar na jariri. Ya ce tsuntsun ruwa ne, ya ci gaba da kafa tsinke.

Mutane suka taru kan katanga suna kallonsa. Ba wanda ya sauko. Wata mai sayar da shinkafa ta yi ta yafito shi da ludayi. Ya ɗaga mata tsire yana dariya.

Aka kira magariba. Sai hayaniyar unguwa ta ɗauke ɗif, kamar an toshe masa kunne. Ya waiga. Katangar ta yi nisa.

Wata mata ce tafe daga ɓangaren ruwa, da goyo. Doguwa. Zanenta a jiƙe sharkaf. Ya dubi ƙafarta: yatsun a haɗe suke da fata, irin na agwagwa. Duk inda ta taka, sawun sai ya cika da ruwa.

"Salamu alaikum, mai wuta."

Muryar kamar ana magana cikin tulu.

"Wa... wa'alaikumus salam. Na nawa za a ba ki?"

"Ba saye na zo ba. Duba."

Ta kwance majanyi, ta sauke yaron, ta juya masa bayansa. Fatar ta saluɓe, jawur, zagaye guda, daidai faɗin tukubar. Yaron ko kuka ba ya iyawa, sai buɗe baki.

"Barci yake a ɗakinsa, ƙarƙashin yashin nan. Ka ɗora masa wuta. Da ka ambaci sunan Allah, da mun ji, mun gusa."

Tsoro ya sa Nomau ya zaro wuƙar fawa. Ta taho. Ya kai mata sara a kafaɗa. Wuƙar ta wuce kamar cikin ruwa, sai tasa kafaɗar ta dare, jini ya tsarto kan naman. Ya sake kai mata a haƙarƙari. Haƙarƙarinsa ya tsage. Ta kama shi ta wuya da hannu ɗaya, hannu mai sanyi kamar ƙanƙara, ta ɗaga shi ta maka da ƙasa. Haƙorinsa ya fita. Bakinsa ya cika da yashi da jini.

A kwance ya fara jan Ayatul Kursiyyu. Ya kai tsakiya numfashi ya yanke masa. Sai ya ji ta ɗauka daga inda ya tsaya, ta ƙarasa masa, tiryan-tiryan.

"Ni ma salla nake yi, mahauci. Ba ɓarna na zo ba. Hakki na zo karɓa."

"Ki yafe mini, baiwar Allah. Ban sani ba."

"An gaya maka."

Ya tofar da yashin da ke bakinsa.

"Hansai na da ciki," in ji ta. "Yanzu haka tana alwala a gindin turmi."

Nomau ya yunƙura ya tashi zaune.

"Zaɓi. Fatar bayan abin da za ta haifa, ko hannun da ya ƙyasta ashana."

Ruwa ya fara dawowa. Ya taɓa masa diddige. Ya dubi hannunsa na dama. Da shi yake yanka, da shi yake fiɗa, da irinsa ubansa ya ci abinci, da kakansa. Ya dubi bayan yaron.

Ya ja jiki zuwa tukuba. Wannan karon ya ce bismillah. Ya cusa hannun cikin garwashi har wuyan hannu.

Ya san ƙaurin. Kullum shi yake ji a wurin aiki. Ihun da ya yi, sun ce har cikin tashar jirage an ji. Bai zare ba. Yana kallo, jan da ke bayan yaron yana raguwa, yana raguwa, har fata ta rufe. Yaron ya tsanyara kuka.

"Ya isa," in ji ta.

Ta zaro hannun da kanta, ta naɗe shi da majanyinta. Ta saɓa ɗanta a kafaɗa, ta juya. Ruwa ya haɗiye tukubar, fuuu, ya haɗiye matar.

Jatau ne ya tsamo shi a gindin katanga bayan isha, ruwa har wuya. Kuka kawai tsohon yake yi.

Hannun bai ƙara riƙe wuƙa ba. Majanyin kuwa bai taɓa tsufa ba, bai taɓa bushewa ba. Ga shi nan nisan duniya da teku, amma duk sa'ad da ruwan can ya dawo, sai ƙyallen ya yi ta ɗiga. Na taɓa lasa. Gishiri ne.

Hansai ta haifi mace. Ita ce Yaya Ladidi. Gobe in tana wa ɗanta goyo ku dubi bayanta. Sumul, ko ƙurji babu.

Don haka in Allah Ya kai ɗayanku bakin teku, ya ga ruwa ya ja baya ya bar fili, kada ya sauka shi kaɗai. Kuma ko a tsakar gidan nan, kada wanda ya hura wuta bakinsa a rufe, ba bismillah.

Hafsatu, me ke ɗiga a zaure?