Kabewa, Goruba da Gemun Maigida

"Kabewa da goruba, in aka sako su tare daga kan soro, wacce za ta riga isa ƙasa?"

A wani ƙauye can da daɗewa, amarya Tasalla ta jiyo Ilu, abokin mijinta, yana wannan tambaya a zaure.

"Haba Ilu! Mai nauyi mana," in ji mijin. "In ba haka ba, ka aske mini gemun nan tas!"

Tasalla mai kunya ce, ko ido ba ta haɗawa da mijinta, amma tana son gemun nan. Da suka tafi gona, sai ta hau soro kamar mai shanya. Kabewa a hannun dama, goruba a hagu, ta saki. Tim! Tare suka faɗi. Ta sake gwadawa da dutse da tsakuwa. Tim! Tare suka faɗi. Dariya ta kama ta har tana toshe baki da mayafi.

Da yamma mijin ya ce, "A'a, yau miyar kabewa muka samu?"

"Faɗuwa ta yi," in ji Tasalla, kanta a sunkuye.

Ta saci kallon gemun, ta ce a ranta, "Wannan magana, ko kajin gidan nan ba za su ji ta ba."