Kishin Injiniya a Bakin Rafi

Ranar da Injiniya ya fara ganinta, tana tsaye cikin rafi da takalmin roba har gwiwa, tana cika kwalabe da ruwa. Ma'aikaciyar muhalli ce, an turo ta duba ko masana'antar jima da za a gina nan za ta cutar da unguwa. Kafin mako ya zagayo ya raɗa mata suna Zuma.

Da ta gano mahaifinsa ne mai ginin, sai ta ce, "Ba kira, ba zance, sai na miƙa rahoto. Ƙa'idar aiki ce."

Da ya haƙura, ba don Dogo ba, abokin aikinta mai dariya kamar an biya shi. Kullum suna tare a bakin rafi. Kishi ya ci Injiniya har ya kasa daurewa, ya tura saƙo:

"Zumata, ni an rufe min baki, shi kuwa har lema yake riƙe miki?"

"Ranka ya daɗe, na'ura yake karewa daga rana. Kar ka sake rubutowa."

Rahoto ya fito: ruwan jima zai gangara rafi, ya ɓata rijiyoyin unguwa. Da Injiniya ya kai wa mahaifinsa maganar aurenta, tsohon ya doka takardun a tebur.

"Yarinyar da ta tsayar min da gini? Ba a gidana ba!"

"Baba, aikin dogon nan ne, so yake ya raba mu."

Injiniya ya ɗauki na'urarsa ta awo, ya yi kwana uku yana auna gangaren don ya kunyata Dogo. Awo ya ƙi ba shi haɗin kai, ko taku ɗaya ba su kuskure ba. Haushi kamar ya kashe shi. Ya zauna ya sake zane, ya mai da ginin kan tudu, ya ƙara tafkin tace ruwa.

Tsohon ya daɗe yana duba zanen.

"Ita ta gano wannan?"

"Ita ce, Baba." Da ƙyar ya ƙara, "Da Dogo."

"Tana sonka, amma ba ta sassauta mana ba? Kira min baffanka, gobe a je neman aure."

Bayan ɗaurin aure ta dube shi tana murmushi.

"Har yanzu kishin, angona?"

"Har gobe, Zumata."

Da suka durƙusa gaban tsohon, ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. 'Yata, gyara min shi kamar yadda kika gyara min ginina."