Kwantenar da Oga Ya Sa Aka Goge

Da magariba na hau okada na koma ofishinmu na Akurba, raina a ɓace. Ni ce mai kula da rumbun bayanan shagunan magani, wanda ke gudana a kan sabobi, manyan kwamfutocin da muka haɗa wuri guda. Kowace manhaja tana cikin kwantenarta, wato keɓaɓɓen gurbinta a cikin saba, da memorin da aka auna mata. In ta zarce awo, tsarin ya kashe ta.

To, kullum ana kiran sallar magariba sai rumbun ya kumbura, ya cinye memorinsa, ya mutu. Oga Rilwanu ya ce ni nake haƙar kuɗin kirifto da sabobin a ɓoye, in ya sake mutuwa in tattara kayana. Ni! Ni kuwa Iortyer nake zargi, abokin aikina, don shi ma yana da makullin ɗakin sabobin.

Ai kuwa na same shi a ƙofar ɗakin sabobin, yana raɓe-raɓe.

“Na kama ka,” na ce.

“Sista Bilqis, rage murya,” ya raɗa. “Kin tuna kwantenar Malam Lawal, wanda ya kafa wurin nan? Wadda ba komai a ciki, amma ya ware mata memori?”

“Wadda Oga ya ce asara ce, ya sa aka goge?”

“Malam ya ce rabon masu wurin ne. Sun riga mu zama a filin nan.”

Na yi tsaki na shige. Wai ni zai raina wa hankali.

Sanyi. Ƙugin fankoki. Na buɗe kwamfuta daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Layin memori ya fara hawa, alhali ba shago ko ɗaya da ke aiki. Na duba ko wani ya shiga rumbun. Babu kowa.

Sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar an tone rijiya.

Fankokin suka yi tsit. Fitilun sabobin suna ci.

A bayan kunnena wani ya ja numfashi.

“Kun matse mu,” aka ce a hankali. Murya ba ɗaya ba.

Na ji tsoro, wallahi. Nan take na sake kafa kwantenar, na mayar mata da memorinta.

Layin ya sauka.

Ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai da Iortyer ya banke ta ya fizgo ni. Takalmina ɗaya yana ciki, ban koma nema ba.

Rumbun bai ƙara mutuwa ba. Amma da Oga ya ga kwantenar, ya ce ga maɓoyar kirifto ɗina, in goge ko in tafi. Na miƙa masa makulli.

“Goge da hannunka, Oga. Da magariba.”

Ya shiga, shi kaɗai.

Ina nan a kan aikina har yau. Shi kuwa Oga Rilwanu, duk sanda aka sayo sabuwar saba, kafin a ba kowace manhaja komai, sai ya rage murya ya tambaye ni ko na ƙara musu wuri.