Ɗakin da Ba Shi da Ƙofa

Gab da magariba Rozi Ali magini ya koma tsohon gidan sufaye na bakin kogi, ɗauko gudumar da ya manta. Matarsa Sakina ta raka shi har gindin matakala.

"Kai da gudumar nan kamar tare aka haife ku," in ji ta. "Yi sauri, shayi na hucewa."

Mabiya Buda ne suka gina wurin tun kafin Musulunci ya iso kwarin. Dutse kan dutse, ƙofofi gajeru sai ka sunkuya. Shekarar da kogi ya yi ambaliya suka gudu, yanzu ciyawar dabbobi ake tarawa ciki. Ɗazu da rana, wajen gyaran bango, Rozi ya fasa wani ɗaki marar ƙofa, sai 'yar kafa ta miƙa kwano. A irinsa ake liƙe sufi shekara uku yana ibada.

Ya rarrafa ta inda ya fasa. Ga guduma. Ya juyo.

Bango ya haɗe. Laka ɗanya, har da shatin yatsu.

Ya maka guduma, ko gezau. Ya yunƙura zai miƙe, rufi ya buge kansa. Warin tsohon man shanu ya cika masa hanci. Ƙarar kogi ta ɗauke ɗif.

Sai numfashi a bayansa.

"Ka kawo abincin?" Murya busasshiya, can ƙasa-ƙasa. "Sun ce gobe za su buɗe."

Rozi ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa.

Yatsu masu sanyi suka kama idon sawunsa.

"Zauna. Saura kaɗan."

Ya cusa hannu ta kafar har kafaɗa, yana ƙwala wa Sakina kira. Can wani hannu mai ɗumi ya cafke nasa.

"Na riƙe ka!" in ji Sakina. "Jama'a, ku kawo ƙarfe!"

Ana jan sa ta ciki, tana ja ta waje, har maza suka fito daga masallaci suka rushe bangon. Da aka haska fitila, ƙasusuwan mutum ne zaune a lungu, ƙafa a harɗe, kwano a cinya.

Washegari suka binne ƙasusuwan sufin a kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa.

Rozi bai bar gini ba. Amma in ɗaki ya kai bango na huɗu, sai ya wanke hannu ya fita, wani ya ƙarasa.